Kafur a Ɗakin Dattijo

A gidanmu na Ƙofar Ran akwai kunkuru. Ba irin ƙananan nan da yara ke tsinta a bayan gari su jefa a gwangwani ba. Wannan ƙato ne, bayansa ya kai murfin tukunyar biki, in za ka ɗaga shi sai ka gyara tsayuwa. Kakanmu ne ya zo da shi tun kafin a haifi babana, da Allah ya yi masa rasuwa kuma kunkurun ya zama na Kaka, wato mahaifiyar babana. Dattijo muke ce masa. Kaka ba ta karyawa sai ta ga ya fito daga lungunsa ya ci ganye. Hira take yi masa kamar mutum, shi kuma ya miƙo wuya yana kallonta da idanun nan nasa na wanda ya ga jiya.

Matsalarsa ɗaya ce, haƙa. Wata damina ya haƙa rami a gindin katangar ɗakin Kaka, katangar kuwa ta ƙasa ce, sai da ta tsage. Baffa, wan babana, shi ne babba a gidan. Ya tsaya ya duba tsagar ya ce, “Ko dai a killace shi wuri ɗaya, ko in kai shi gona.” Ranar tuwon Kaka haka ya koma kicin ba ta taɓa shi ba.

Ni kuma lokacin ina kan ganiyar shauƙi. Sakamakon jarrabawarmu ya fito, babu kariyoba ko ɗaya, duk darussan na haye, ga hutu, ga data a waya. Yawo nake a tsakar gida kamar ni na ƙirƙiro boko. Na ce, “Baffa, a bar mini wannan harkar. Zan yi masa gida na kece raini.”

Kaka ta ce, “Mijin da ko gishiri bai taɓa sayo mini ba, shi ne zai gina gida?”

Na ce, “Ki zuba ido kawai, Hajiyata.”

Ni dama babban yatsana ya fi bakina sauri. Kafin la'asar na kalli bidiyo ya fi a ƙirga, na karanta abin da masu kiwon kunkuru na duniya suka rubuta, kuma abu ɗaya kowa ke maimaitawa: kunkuru ba shi da hannu, da baki yake tambaya. Duk abin da ka ajiye masa sai ya gatsa ya ji. Musamman farin abu, don jikinsa na neman sinadarin da ke gina ƙashi da ƙoƙon baya, shi ya sa yake bin ɓawon ƙwai da ƙashi da farar tsakuwa. Ke nan duk abin da zai shiga ɗakinsa, ko dai ya fi ƙarfin bakinsa, ko ya zama abin da in ya ci ba komai.

Da wannan dokar na shiga gari. A Gwallaga na je wajen mai katako, ya jawo wani ya buga shi da hannu ya ce, “Wannan gara ba ta isa ba, mun shafe shi da baƙin mai tun daga sama har ƙasa.”

Na ce, “Shi ya sa ba na so.”

Ya ce, “To ga wannan, an yi masa feshin magani.”

“Shi ma ba na so. Ba ka da wanda gara za ta iya ci?”

Ya kalle ni ya kalli takalmina ya ce, “Ɗan samari, lafiyarka ƙalau kuwa?”

Haka na haƙura da katako na koma bulo, tsurarsa, ba fenti. Duwatsu kuma na je Tirwun wajen wani abokina da babansa ke da gona, muka tsinto manya manya, kowanne ya fi kan Dattijo girma, na wanke su na shanya a rana. Ƙasa ma sai da na sa abokin nan nawa ya rantse cewa wurin da muka ɗiba ba a taɓa yi masa feshin ciyawa ba. Ya ce, “Baba, ni ko abincin da nake ci ba a yi masa wannan binciken.” Na samu wani reshen mangwaro busasshe na kankare. Na roƙi tsohuwar randar Kaka da bakinta ya fashe, wadda ban da ruwa ba abin da ta taɓa ɗauka, na kwantar da ita a gefe ta zama kogo. Na kai bulon can ƙasa yadda ba zai haƙa ya wuce ba. Na dasa yakuwa da rama a ciki, ado ne kuma abinci ne. Wallahi wurin ya haɗu.

Matan gidan suka mai da abin wasa, wai ana yi wa Dattijo jere. Goggo, ƙanwar babana da ke zaune tare da mu, ita ce uwar biki. Ta ɗauko furen roba da ya rage daga bikin ’yarta ta ce a kafa a kusurwa. Na ce a'a, zai gatsa ya toshe masa hanji. Ta kawo wasu duwatsun ado masu ƙyalli, na ce a'a. Ta ce a ɗan shafa wa bulon shuɗin fenti, na ce a'a.

Ta ce, “Wannan ai ba ɗakin ango ba ne, ɗakin gwauro ne.”

Na zaunar da su na yi musu lakca guda a kan roba da fenti da ƙananan duwatsu, suna ta dariya suna cewa “To, Malam.” Kafur bai shigo maganar ba, don a gidanmu kafur ba wani abu ne da ake tunawa da shi ba. Yana cikin adakar Kaka, yana ƙarƙashin gado, yana bakin makwarara, yana banɗaki. Kayan sallarmu ma ƙamshinsa suke yi. Goggo kuwa in ta share wuri ba ta jefa farin ƙwallon nan a lungu ba, a wajenta shara ba ta ƙare ba.

Dattijo ya tare, ya zagaya, ya shiga randa ya fito, ya yi wa yakuwata aski. Kaka ta sa aka kawo mata kujera kusa da wurin. Komai lafiya lau.

Ranar da abin ya faru na fita tun da safe, na dawo bayan azahar da zumuɗin ɗaukar bidiyo, don hasken ranar ya yi daidai. Ina tsallaka bulon sai hancina ya ji wani abu. Ƙamshi ne da na sani sarai, amma ba a nan ya kamata in ji shi ba. Na duba kusurwa, ga farin ƙwallo. Ɗaya kusurwar ma ga shi. Na durƙusa na leƙa cikin randa. Dattijo na ciki, kansa a waje, ya ajiye haɓarsa a ƙasa. A gabansa akwai rabin kafur, gefen da aka gatsa ya yi kaifi kamar an sa wuƙa, kuma ga farin gari a bakinsa.

Ban san lokacin da wayar ta faɗi daga hannuna ba.

Na jawo shi waje. Kullum in ka taɓa shi sai ya yi huci ya shige ƙoƙonsa, amma ranar sai ya bar ƙafafunsa suna jan ƙasa. Idanunsa sun yi ruwa, yana buɗe baki yana rufewa a hankali.

Na ce, “Goggo, wa ya sa kafur a nan?”

Ta fito daga kicin tana goge hannu. “Ni ce. Kiyashi na gani sun yi layi wajen ɓawon kankanar da aka ba shi, na ce kar su shiga masa ido.”

“Guda nawa kika sa?”

“Wa yake ƙirga kafur? Na dai ɗebo.”

“Cikin randar fa?”

“Na jefa ’yan kaɗan.” Sai ta ga bakinsa. Ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi.”

A cikin randar rabin nan kaɗai na samu. Ko biyu ta jefa, ko uku, ko fiye, ita ma ba ta sani ba. Na bi ƙasar da yatsuna ina tonawa ina fatan in ci karo da sauran. Babu.

Kaka ta fito da sandarta. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, “A kawo manja.”

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san wannan. Yaro ya sha kalanzir, manja. Akuya ta ci abin da bai kamata ba, manja. Ni kaina an ce ina rarrafe na taɓa kurɓar wani abu a kwalba, Kaka ce ta ɗura mini manja, ga ni nan da raina. Goggo ta ruga kicin. Ni kuma na ɗauki wayata daga ƙasa. Yatsan nan da nake taƙama da shi sai da ya rubuta kalma ɗaya sau uku kafin ta fito daidai. Netwok ɗin kuma ya zaɓi lokacin ya tsaya yana juyi. Ina jin ƙarar cokali a kicin.

Da shafin ya buɗe, layin farko da idona ya faɗa a kai cewa yake kar a ba da mai, kar a ba da madara. Na buɗe wani, haka. Na buɗe na uku, haka. Wai kafur a cikin mai yake narkewa, in ka ba da mai ka buɗe masa hanya ne ya shiga jini da sauri.

Goggo ta iso da kwalba da cokali. Kaka ta miƙa hannu ta karɓa, ta tsiyaya, jan man ya cika cokalin.

Na ce, “Kaka, kar ki ba shi.”

“Riƙe mini kansa.”

“An ce mai ƙara masa ƙarfi yake yi. Kashe shi zai yi.”

“In ji wa?”

“Na duba a waya.”

Ta ce, “Wayarka ce ta raine shi ko ni? Matsa.”

Ni da Kaka kullum cikin tsokana muke, amma ban taɓa ce mata a'a ta gaske ba, ko sau ɗaya. Na durƙusa a tsakaninta da shi na baje hannuwana a kan bayansa. A lokacin na gane inda na sa kaina. In aka ba shi ya mutu, kowa zai ce kwana ne ya ƙare, an yi iya yi. In na hana ya mutu, ni ne na hana a ba shi magani, a gaban kowa, saboda wani rubutu da ban san wanda ya yi shi ba. Kuma rubutun ma a kan yara da karnuka yake magana, babu inda aka ce kunkuru.

Baffa na kasuwa, babana ya yi tafiya. Babu wanda zai raba mu.

Na ce, “Goggo, miƙo mini bahon wanki.”

Ban jira izini ba. Na cicciɓe shi na sa a baho, na ɗauki rabin kafur ɗin na sa a aljihu, na yi waje. Ina jin Kaka tana kiran sunana, cikakkensa, yadda ba ta taɓa kira ba. Kafin in kai bakin titi Goggo ta cim mini, hijabinta a karkace, takalmi wari da wari.

Mai keken da muka tare ya leƙa bahon ya ce, “Na miya ne ko na magani?”

Na ce, “Malam, asibitin dabbobi, don Allah ka taka.”

Ya ga fuskata ya daina wasa. Bahon na kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai kan Dattijo ya yi lilo. Na riƙa taɓa ƙafarsa ta baya ina jira ya janye. Wani lokacin ya ɗan motsa, wani lokacin shiru. Goggo tana ta salati ƙasa ƙasa, hannunta ɗaya a cikin hijabi ba ta fito da shi ba. Sai da muka sauka na ga abin da ta riƙe. Kwalbar manja ce.

Ta ce, “Ko da za a ce a ba shi.”

Likitar da muka samu wata mata ce daga kudancin jiha, doguwa, da tabarau a saman goshi. Na ajiye mata rabin kafur ɗin a tebur, na gaya mata abin da ya faru. Ta sunsuna, ta dubi Dattijo, ta tambayi tun yaushe. Ba mu sani ba. Ta tambayi nawa ya ci. Ba mu sani ba. Ta hango kwalbar a hannun Goggo ta ce, “Mama, kun ba shi wannan?”

Goggo ta ce, “Yaron nan ya hana.”

Ta ce, “To a ci gaba da hanawa.”

Na ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjina, amma bai kai ƙasa ba, don nan take ta ƙara da cewa, “Ƙanena, gaskiya zan gaya maka. Kare na sani, akuya na sani, kaza na sani. Kunkuru da ya ci kafur, yau na fara gani.” Ta ɗauki waya ta kira wani abokin aikinta a wani gari, suka daɗe suna magana da Turanci, ina tsintar kalma ɗaya ɗaya, kuma duk wadda na tsinta ba ta yi mini daɗi ba.

Da ta gama ta sa safar hannu ta kama kan Dattijo ta jawo. Ya biyo ta kamar tsumma. Ta ce a ƙa'ida ƙato irin wannan ko mutum biyu ba sa iya fito da kansa in bai so ba. Ta zura masa siririyar roba ta baki ta ɗura wani baƙin ruwa, ta ce garin gawayi ne na asibiti, yana kama guba a ciki ya fita da ita. Ta yi masa allurar ruwa a fatar gindin cinya. Ni na riƙe bahon, ina kallon bango.

Goggo ta ce, “Gawayi kuma? Ai da na sani, buhu gare mu a kicin.”

Likitar ta ce, “Ba irinsa ba ne, Mama, kar ki gwada.”

Ta ce mu kai shi inda iska ke wucewa, nesa da duk wani ƙamshin kafur. Kowace safiya a zaunar da shi a ruwa mai ɗumi, iya haɓarsa. Mu dawo a ƙara masa ruwan allura. Sannan mu jira ya yi kashi. Na ce yaushe ke nan? Ta ce cikin kunkuru ba ya sauri, zai iya ɗaukar sati, zai iya fi. Na ce zai tashi? Ta ce, “Ban sani ba.”

Da muka dawo Kaka na zaune a kujerarta kusa da ɗakin Dattijo da babu kowa a ciki. Goggo ta ba ta labari, har da abin da likita ta ce game da manja. Kaka ta ce, “Da an ba shi tun ɗazu da tuni ya amayar.” Ba ta kalle ni ba.

Daga ranar gidan ya canja. Ta daina ce mini mijinta, ta daina ce mini komai. In na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. Baffa ya dawo ya ji, ya ce, “Allah ya sawwaƙe,” ya shige. Na kwashe ƙasar nan ta Tirwun gaba ɗaya na zubar, don ƙamshin ya kama ta. Randar ma na wanke ta har hannuna ya yi kanta, amma yumɓu ya riga ya sha, dole na fitar da ita. Goggo kuwa ba wanda ya ce mata uffan, amma kullum in na fito sai in tarar ta ɗora ruwa, tana gwada ɗuminsa da gwiwar hannu kamar za ta yi wa jariri wanka.

Dattijo na kwance a rumfar bayan kicin a kan tsohon buhu. Ba ci, ba motsi. Abin da ke ɗaure kai game da kunkuru shi ne ba ka gane mai barci da wanda ya tafi. Ba ya nishi, ba ya kuka, ƙirjinsa ba ya ɗagawa. Sai ka kwanta a ƙasa ka zuba wa maƙogwaronsa ido har ka ga fatar ta ɗan motsa. Kowace safiya in zan nufi rumfar sai ƙafata ta yi nauyi, in tsaya daga nesa ina shaƙar iska, don na karanta cewa wari ne ke fara gaya maka. Na daina buɗe saƙonni. Abokaina na ta turo “Baba ina bidiyon gidan?” ban amsa ba. Abu ɗaya nake yi da wayar, in rubuta tambaya iri ɗaya ta hanya daban daban ko zan samu wanda ya ce kunkurunsa ya ci kafur ya rayu.

Wata la'asar na dawo daga masallaci na durƙusa in duba shi, sai na ga ja a gefen bakinsa. Ja sosai, ya gangaro har wuya. Likita ta ce in muka ga jini mu taho da gudu. Na sa yatsa na shafo. Yana da santsi. Na kai hanci, sai na ji manja ne.

Na wanke masa bakin da ruwa, na duba, a datse yake gam, da alama bai buɗe ba. Sannan na tafi ɗakin Kaka. Tana zaune a bakin gado da carbi, yatsanta manuni har lokacin da ja a jikin farcen.

Na durƙusa na ce, “Kaka, don girman Allah.”

Ta ce, “Ya ƙi buɗewa ma.”

“Likita ta ce kar a ba shi.”

“Likitar da ta ce ba ta taɓa gani ba?”

Ta ja carbi ta ce, “Da manjan nan na raini ubanka. Da shi na raine ka. Yanzu ina zaune ina kallo yana tafiya, an ce in naɗe hannu.” Muryarta ba ta faɗa ba ce, kuma wannan ya fi faɗan ban tsoro. Ta ce, “In ya mutu fa?”

Na ce, “Ban sani ba, Kaka.”

“Kai ma ba ka sani ba.”

“Ban sani ba. Amma ki bar ni in ƙarasa a haka.”

Can ta sa ƙafa ta turo wata ƙaramar kwalba daga ƙarƙashin gado, ta gangaro ta tsaya a gwiwata. Ta ce, “Ɗauke ta daga nan, don in tana kusa zan sake.”

Na ɗauka na fita. Ban ji na ci nasara ba. Ji na yi an ɗora mini kunkurun gaba ɗaya a ka.

Muka ci gaba. Ruwan ɗumi da safe, keke zuwa asibiti, allura, dawowa. Likitar takan buɗe bakinsa ta duba launin ciki ta ce, “Bai fi ba, bai kuma lalace ba.” A zuwa na ƙarshe da ta kama kansa sai ya fizge ya shige ciki, ta yi ta fama bai fito ba. Ta cire safar hannu ta ce yau ba za ta iya duba shi ba, tana murmushi. Ni dai ban yarda na yi murna ba. Na ji tsoron in na yi, abin zai juya.

Sai wata safiya, yana cikin baho, ni ina tsugune ina kallon ruwa kawai, na ga ya miƙe ƙafafun baya ya ɗaga jikinsa. Wani baƙin abu ya fito ya bazu a ruwan, baƙi ƙirin kamar an wanke tukunya. Warin da ya taso ba zan iya kwatanta shi ba, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙamshin adakar Kaka.

Na ce, “Goggo, zo ki gani.”

Ta zo da ludayi a hannu, ta leƙa, ta toshe hanci da gefen zani, sai hawaye. Ta ce, “Alhamdulillahi. Oh ni, yau ga ni ina kuka a kan kashi.” Na tsamo shi na sa tsinke ina tona abin, na ga ’yan fararen gutsattsari a ciki. Na ɗauki hoto na tura wa likita. A rayuwata ban taɓa tura hoton da na matsu a buɗe kamar wannan ba. Ta amso da cewa alama ce mai kyau, amma sai ya ci abinci tukuna, kuma ko ya ci, a sa masa ido na wasu watanni, don irin wannan gubar takan taɓa hanta a ɓoye.

Ranar bai ci ba. Washegari ma na ajiye masa ganye ya kau da kai. Tsoron da na ɗauka ya tafi ya dawo ya zauna inda yake.

Kaka ce ta fito da kanta, ta sa aka kawo kujerarta rumfar. Ta ce in tsinko mata furen kabewa daga bayan banɗaki, in wanke. Ta riƙe shi da yatsu biyu a gaban hancinsa, ba ta motsa ba. Hannunta ya fara rawa don gajiya, na ce in karɓa, ta girgiza kai. Ni da Goggo muna tsaye kamar an dasa mu.

Wuyan ya fito a hankali. Ya sunsuna. Ya buɗe baki ya kai cizo ya kuskure, ya sake kaiwa ya kama gefen furen ya ja.

Kaka ta bar shi ya haɗiye, ta ga maƙogwaron ya yi sama ya yi ƙasa. Sannan ta ɗago ta kalle ni, karon farko tun ranar, ta ce, “Kai kuma ka tsaya kana kallona. Guda ɗaya zai ishe shi ne?”

Na tafi bayan banɗaki da gudu, na tsinke duk furen da ke jikin kabewar.